Kafin Ka Sayi Mota, Tambayi Inda Za A Gyara Ta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don a wannan mako ina so in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta a kan sha'anin sayen mota. Dalili kuwa, in ka ɗebe aure da ginin gida, babu wata hidima da ke cin kuɗin ma'aikaci kamarta. Mutum ya kan yi shekaru yana tsimi da tanadi, ko kuwa ya ci bashin da za a yi ta yanka daga albashinsa wata-wata, sa'an nan ya je ya zube kuɗin nan duka rana ɗaya. In ya dace, ya huta da tsayuwar bakin hanya. In kuwa bai dace ba, ya yi wa iyalinsa kishiya ke nan, wadda za ta riƙa raba albashi da su ko wane ƙarshen wata.

Galibinmu in za mu sayi mota, launi mu ke dubawa, da siffa, da yawan kuɗi. Amma akwai abu biyu da suka fi waɗannan nauyi, watau sunan kamfanin da ya ƙera ta, da halin wanda zai sayar maka da ita. Kakanninmu in za su sayi doki su kan tambayi asalinsa, su buɗe bakinsa su duba haƙora, su kuma bincika ko wane ne dillalin. To, amma doki, ko daga Barno aka kawo shi ko daga Azbin, zai ci harawar garinku da dawar garinku ya ƙoshi. Mota ba haka ta ke ba. Ran da wani ƙarfe ya karye a cikinta, ba ta karɓar ko wane iri sai na gidan da aka ƙera ta. Saboda haka wanda ya sayi mota ya ƙulla zumunci ke nan da maƙeranta da wakilansu, ko yana so ko ba ya so, har ran da zai rabu da ita. Ya kamata mutum ya san da wa zai ƙulla wannan zumunci.

Bari in kawo misali da Peugeot, wadda mutanenmu ke kira Fijo, gama da wuya a sami wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan bai taɓa shigarta ba. Kamfanin na Faransa ne. Motarsa mai lamba 404 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963, da 1966, da 1967, da 1968, tseren da a ke yi cikin laka da ƙura da duwatsu, inda motoci da yawa su kan mace tun ba a kai ko'ina ba. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, ita ma ta ci tseren nan a 1975. A cikin wannan shekara ta 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Da fari ma a jirgin sama a ke ɗauko sassanta daga Liyon ta ƙasar Faransa, a sauke a Kano, sa'an nan a kai Kaduna a haɗa. Gwamnati ta mai da ita motar ma'aikatanta, tun daga manyan sakatarori har 'yan sanda. Direbobin haya kuma suka rungumi doguwar, mai kujera layi uku, suka yi ta zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Ikko, da Jos da Maiduguri.

Ƙarfin motar gaskiya ne, babu mai musu. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta a nan ya fi ƙarfi yawa. Wakilan kamfanin suna manyan garuruwa, kayan gyara suna ko wace kasuwa, ko wane bakanike kuwa da ita ya koyi aiki. In ta mace maka a ƙauyen da ko ɗakin shan magani babu, za ka sami yaron da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, ya ɗaura maka abin da zai kai ka gari. Saboda wannan ne, ko da ya ke an daina ƙera 504 ta shiga a Faransa tun 1983, Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har fiye da shekara ashirin bayan nan, mutane suna saye.

Yanzu, malam mai karatu, mu ƙetare teku mu ga yadda kamfanin nan ya ƙare a Amurka. Ya fara kai motocinsa can a 1958. Shekarar da ya fi ciniki ita ce 1984, da ya sayar da kamar 20,000. Kafin 1990 abin ya faɗi, bai ko kai 5,000 ba, a 1991 kuwa ya naɗe tabarmarsa ya bar ƙasar. Me ya kawo haka, alhali maƙeran ɗaya ne? Amurka ta ninka Nijeriya wajen sau goma a faɗi, amma wakilan Peugeot a can, sa'ad da zai fita, ba su kai 200 ba. Mai mota ya kan yi tafiya mai nisa kafin ya sami garejin da ya san ta, in ya samu kuma sai a ce ya jira kayan gyara. Ga shi kuma motocin Japan sun cika kasuwa, ba su cika lalacewa ba, wakilansu kuwa birjik. Sai ya zamana motar da Bakano ke yi wa kirari da juriya, ita ce Ba'amurke ke gudu don wahalar gyara. Daga nan za a gane suna ba ya bin mota cikin jirgin ruwa. A ko wace ƙasa, gareji da kantin kayan gyara su ke gina shi.

Ko a nan gida ma sarautar Peugeot ba ta dawwama ba. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma sayen motocin da Turawa suka hau suka bari, waɗanda a ke kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, ana shigo da su ta Ikko da Kwatano. A cikinsu Toyota da Honda suka yi fice. Babu wata ma'aikata da aka gina musu a Kakuri, amma 'yan kasuwa suka cika Ladipo ta Ikko, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano da kayansu, sabo da tsoho, kanikawa kuma suka koyi aikinsu. Yau in ka je kasuwar motoci za ka ga Corolla ta fi sa'o'inta na waɗansu kamfanoni tsada, ko da shekara ɗaya aka ƙera su. Wani zai ce ai kuɗin suna kawai a ke biya. I, haka ne, amma kuɗin nan ba ya ɓata, don ran da ka tashi sayarwa za ka sami mai saye kafin rana ta faɗi, ya mayar maka da mafi yawan abin da ka ƙara. Mai motar da ba a sani ba kuwa sai ya yi wata da watanni da takardar sayarwa manne a gilashi.

To, wannan ke nan game da suna. Bari mu juya ga halin mai sayarwa, don shi ne a ke gani ido da ido. Ran ciniki kowa mutumin kirki ne. Za a tarye ka da fara'a, a ba ka kujera, a kawo maka ruwan sanyi, a kira ka ranka ya daɗe. Duk wannan da kyau, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma ba a sanin halin mai sayarwa sai ran da ka komo masa da ƙara, kuɗinka kuwa sun riga sun shiga akwatinsa.

Ga abin da ya faru a Amurka a 1989. A watan Satumba na shekarar, kamfanin Toyota ya fito da wata motar alfarma da sabon suna, Lexus, don ya yi takara da Mercedes da BMW na Jamus, waɗanda suka daɗe da riƙe wannan kasuwa. Ba a yi wata huɗu ba sai ga ƙara daga mutum biyu. Ɗaya ya ce na'urar da ke riƙe wa mota gudu ɗaya ba tare da an taka totur ba ta ƙi saki, ɗaya kuma ya ce mazaunin fitilar birki ya lanƙwashe don zafi. Da wani ne, da sai ya gyara wa mutum biyun nan a ɓoye ya yi shiru. Su kuwa sai suka yi shela a watan Disamba, suka ce duk motocin da suka sayar, wajen 8,000, a komo da su a duba. Ba su bar mai mota ya wahala ba. Wakilai suka riƙa zuwa gida suna ɗaukar motar, su bar wa mutum wata ya hau, su gyara tasa, su wanke, su cika tanki da mai, su mayar masa, ko kwabo bai biya ba. Waɗanda ke nesa da gareji kuwa aka aika musu da kanikawa har inda su ke. Cikin 'yan makonni aka gama. Abin da aka zaci zai kashe sabon sunan sai ya zama shi ya raya shi, har a 1991 Lexus ta fi Mercedes da BMW ciniki a Amurka. Mutane sun ga abin da zai same su ran da motarsu ta sami aibi, hankalinsu ya kwanta.

Haka kuma sunan da ya ɓaci ana iya gyara shi, in an yarda a biya kuɗin gyaran. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya shiga Amurka a 1986 da wata ƙaramar mota, Excel, a kan dala 4,995. Don arha, a shekarar fari aka sayi fiye da 160,000. Amma arha ba ta ado. Motocin suka yi ta lalacewa, sunan ya zama abin dariya, har a 1998 cinikinsu ya komo wajen 90,000. A ƙarshen wannan shekara sai suka ɗauki alkawarin da ya ba kowa mamaki, suka ce sun lamunce injin da giya har shekara 10 ko tafiyar mil 100,000, duk abin da ya lalace cikin wannan lokaci su za su gyara kyauta. Irin wannan lamuni shi 'yan kasuwa ke kira garanti. Wanda ya yi alkawari haka tilas ya gyara ƙirarsa, in ba haka ba kuɗin gyara ya cinye shi. Suka kuwa gyara. A 2003 cinikinsu ya kai 400,000. Kyan alkawari cikawa.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka babban suna laya ce da ke tsare mota daga aibi. Toyota ɗin nan da na yaba, a 2009 da 2010 ta janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, har shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya je gaban majalisar Amurka a watan Fabrairu na 2010 ya ba da haƙuri. A 2014 kuma aka ci su tarar dala biliyan 1.2 don sun ɓoye wa jama'a abin da suka sani. Volkswagen ta Jamus, mai motar nan da Yarabawa suka sa wa suna Ijapa, watau kunkuru, a watan Satumba na 2015 aka kama ta ta sa wa motocinta masu shan gas wata dabara da ke ruɗin ma'aunin hayaƙi. Motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Shugabanta ya sauka, tara da diyya kuwa suka haura yuro biliyan 30. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko na babban kamfani ne. Suna labarin jiya ne, yana nuna maka yadda aka yi da waɗanda suka riga ka saye. Ya kamata a saurare shi, amma a haɗa da binciken halin da a ke ciki yau.

Wannan kuma shi ya sa bai kamata a raina sabon shiga ba don kawai ba a san shi ba. Yanzu ga motocin ƙasar Sin suna shigowa, ga kuma Innoson da a ke harhaɗawa a Nnewi tun 2010. Hyundai ma da baƙuwa ce, Toyota ma haka. Abin tambaya gare su ɗaya ne da na sauran: ina garejinku, ina rumbun kayan gyaranku, shekara nawa kuka lamunce, a rubuce? In sun amsa da kyau, a saurare su. In kuwa sun ce kayan suna hanya, to, ka bari su iso tukuna.

Na san yawancin masu karatun nan ba sabuwa fil za su saya ba, ta hannu za su saya. Wanda ya sayi ta hannu ba shi da wakilin kamfani a bayansa, dillali da bakanike su ne wakilansa. Saboda haka ga 'yar shawarata. Da fari, tun ba ka je wurin dillali ba, ka fara zuwa wurin kanikawan garinku, ka tambaye su wace mota suka iya, wace ce kayanta ke samuwa a kusa. Ka shiga kasuwar kayan gyara da ƙafarka ka tambayi kuɗin abubuwan da a kan canja kullum, kamar takalmin birki, da fulogi, da fanfon mai, da fitilar gaba. In ka zaga rumfa biyar ba ka sami fitilar motar ba, ka san abin da ke jiranka. Ka kuma tare direbobin haya a tasha, don su ne ke bin mota da lissafi, ba sa hawan wadda za ta cinye musu riba. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, ka binciki dillalin kamar yadda za ka binciki mai neman 'yarka. Shekara nawa ya yi a wurin nan? Yana da mazauni sananne, ko kuwa yau yana gindin wannan bishiya gobe yana waccan? Ka nemi mutum biyu ko uku da suka saya a hannunsa bara, ban da waɗanda shi ya nuna maka, ka tambaye su yadda ya karɓe su da suka koma da ƙara. In ya hana ka zuwa da bakanikenka, ko ya hana a ɗan zaga da motar a ji lafiyarta, ko ya ce ka yi sauri akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi yanzu, to, ka yi masa sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Na uku, takardu. Kusan ko wace mota ta zamani tana da lamba tata ta kanta, mai haruffa da alƙaluma 17, galibi ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Ka gwada ta da wadda ke cikin takardar kwastan, harafi da harafi. In motar daga Amurka ta fito, da lambar nan ana iya duba tarihinta a intanet, a ga ko ta taɓa haɗari, ko ruwa ya taɓa cinye ta, ko an mai da ma'aunin tafiyarta baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama guguwar da ta faɗa wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, irin waɗannan kuwa a kan shanya su, a goge, a tura ƙasashen waje. Daga waje sai ƙyalli, amma wayoyin ciki sun riga sun fara ruɓewa. Sa'an nan duk alkawarin da mai sayarwa ya yi maka, ko na mako biyu ne, a rubuta shi a jikin rasit, ya sa hannu gaban shaidu. Alkawarin baka ba ya tashin inji.

Ku kuma masu sayar da motoci, ina da magana da ku. Ma'aikacin da ya zo wurinku ba shi kaɗai ya zo ba. A bayansa akwai ofis guda, ko makaranta guda, duk suna jira su ga yadda zai ƙare. In kun sayar masa da mai aibi kuka ɓoye, kun ci ribar rana ɗaya, amma kafin wata ya ƙare duk abokan aikinsa sun ji, har da waɗanda aka yi wa canji zuwa wani lardi. In kuwa ya komo da ƙara kuka tashi tsaye kuka share masa hawaye, shi da kansa zai riƙa jawo muku mutane ba ku ba shi ko sisi ba. Mutanen Lexus ba don tsabar tausayi suka cika wa mutane tanki ba, lissafi suka yi, lissafin kuwa ya fita. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ina roƙon masu karatu, musamman direbobi da kanikawa da suka fi ni sanin cikin mota, su rubuto su faɗa mana wace iri ce kayanta suka fi samuwa a lardinsu, don 'yan'uwa da ke shirin saye su amfana. Allah ya tsare mu da asara, ya sa mu sauka lafiya duk inda muka nufa, amin.

Haza wasalam. Ni ne naku,

Akawu Mai Tsimi